Daga Gona da Kasuwa zuwa Majalisar Tarayya: Yadda Za Ka Nemi Kujerar Ba Tare da Ka Cinye Jari Ba

Kusan kowace ƙaramar hukuma a ƙasar Hausa tana da irin wannan mutum. Yana da gonaki a bayan gari da 'yar fadama ta noman rani, yana da sito a bakin kasuwa inda yake tara masara da dawa da waken suya, kuma idan kaka ta yi, motocin da ya ɗauko ne ke kwashe amfanin yankin zuwa Dawanau. A wurinsa ake karɓar taki bashi da damina a biya da hatsi bayan girbi, shi ake tasa tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama ana neman mota, kuma idan rikicin iyakar gona ya gagari mai unguwa, shi dagaci ke aika wa ya zo ya sa baki. Wata rana da la'asar sai matasa da wasu dattawa su cika zaurensa, bayan doguwar gaisuwa babbansu ya ce, "Alhaji, mun gaji da aika baƙi Abuja, bana kai muke so ka fito." Wannan rubutu domin wannan mutum ne, ko domin hajiyar da ke matsayi irin nasa, tunda dokar ba ta bambanta ba.

Abin da ya kawo waɗannan mutane zaurenka shi ne kana tsaye da ƙafarka, ba ka jiran albashi, ba ka roƙon kowa. Saboda haka duk matakin da zan ambata a nan, ma'auninsa guda ne, wato ko gonarka da jarinka za su kai ƙarshen tafiyar da ransu. Na ga wani mai sayen hatsi a yankinmu wanda ya buɗe sito ya sayar da buhunan da ya ajiye don bazara tun farashi bai tashi ba, ya ɗora da jinginar da fadamar gado, duk domin zaɓen fid da gwani na yini ɗaya. Bai samu tikitin ba, kuma a daminar da ta biyo baya shi ne ya je neman taki bashi a wurin yaron da ya koya wa awo.

Lissafin da ake yi kafin a amsa

Kada ka ba su amsa a ranar. Ka yi godiya, ka nemi lokaci, ka yi istihara, sannan ka zauna da littafin bashinka. Ka raba dukiyarka gida uku a rubuce: abin da iyali za su ci har shekara biyu ko da babu abin da ya shigo, uwar kuɗin kasuwanci haɗe da kuɗin iri da taki da ƙwadago, sai kuma rarar da za ka iya rasawa gaba ɗaya ba tare da gidanka ya girgiza ba. Wannan kashi na uku shi kaɗai ne kuɗin siyasarka, kuma ranar da ya ƙare ka tsaya, ko da ana ce maka saura ƙiris. Kuɗin mutane da ke hannunka, na marayu ko na abokan haɗin gwiwa ko na wanda ya ba ka ajiyar hatsi, ka mayar wa masu shi ko ka rubuta su gaban shaidu tun kafin a buga fastarka, domin daga ranar da aka buga ta duk jinkirin biya zai zama labarin da abokan hamayya za su yawata a kasuwa.

Ka kuma kalli kalandar siyasa kusa da ta noma, za ka ga suna cin karo a wurare biyu masu zafi. A zagayen zaɓen 2023, manyan jam'iyyu sun yi zaɓen fid da gwani na 'yan majalisa a ƙarshen watan Mayun 2022, daidai lokacin sharar gona da jiran ruwan shuka. An buɗe yaƙin neman zaɓe ranar 28 ga Satumba, kaka tana kunno kai, lokacin da mai sayen hatsi yake yin cinikin da zai riƙe shi shekara, aka kuma yi zaɓen ranar 25 ga Fabrairun 2023. Ma'ana, za ka rasa shuka ɗaya da kaka ɗaya da idonka. Tun yanzu ka zaɓi wanda zai tsaya a gandu da wanda zai riƙe makullin sito, ka fara sakar musu ragama kana nan kana gani, domin ka san kuskurensu tun kana iya gyarawa.

Sai ka tantance kujerar da kake nema. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, kuma mazaɓar sanata ta kan haɗa ƙananan hukumomi masu yawa inda ba a taɓa jin sunanka ba. Majalisar Wakilai tana da kujeru 360, Kano tana da 24, Kaduna 16, Katsina 15, Jigawa da Sakkwato 11 kowacce, kuma mazaɓa ɗaya galibi ƙaramar hukuma ɗaya ce zuwa uku. A ganina, mutumin da ƙarfinsa ya ginu a kan kasuwannin mako da yake ci, Majalisar Wakilai ce daidai da shi, domin iyakar mazaɓar ta kan yi kusa da iyakar inda ake saninsa da fuska. Idan mazaɓar ta haɗa ƙananan hukumomi biyu ko uku, ka bincika ko akwai yarjejeniyar karɓa-karɓa a tsakaninsu. Ba a rubuta ta a doka ba, amma wanda ya fito a zagayen da ba na garinsu ba yakan sha wahalar da kuɗi ba sa magancewa.

Takardu

A nan ne manoma da 'yan kasuwa suka fi yin sakaci, saboda a harkarsu baki da shaida sun wadatar. Sashe na 65 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce dole ka zama ɗan ƙasa, ka kai shekara 35 idan Majalisar Dattawa kake nema, ko 25 idan ta Wakilai ce, bayan gyaran da aka sa wa hannu a 2018 wanda ya rage ta daga 30. Dole ka zama ɗan jam'iyya kuma ita ce ta tsayar da kai, sannan ka yi karatu aƙalla zuwa matakin takardar kammala sakandare ko makamanciyarta.

Wannan kalma ta "makamanciyarta" tana da faɗi fiye da yadda mutane suke zato, kuma jahiltar faɗinta ne ke tura wasu sayen takardar jabu ba tare da suna buƙatarta ba. Sashe na 318 ya fassara ta, ya haɗa da takardar malanta mai daraja ta biyu, ya haɗa da yin karatu har zuwa matakin kammala sakandare. Ya kuma buɗe ƙofa ga mai takardar firamare kaɗai, idan ya cika sharuɗɗa uku tare: ya yi aiki na aƙalla shekara goma a gwamnati ko a ɓangare mai zaman kansa a matsayin da hukumar zaɓe ta yarda da shi, ya halarci kwasa-kwasai da jimillarsu ta kai shekara ɗaya a cibiyoyin da hukumar ta amince da su, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda hukumar za ta gamsu. Ka ɗauki takardun da kake da su na gaskiya, komai ƙanƙantarsu, ka kai wa lauyan da ya san shari'ar zaɓe ya gaya maka inda ka tsaya. Idan akwai giɓi, ka cike shi ta hanyar zama jarrabawa, ko da za ka jira zagaye na gaba.

Dalilin wannan nacin a fili yake. Sashe na 66 ya haramta takara ga wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar jabu, haka ga wanda kotu ta ayyana ya karye kuma ba a wanke shi ba, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya a cikin shekara goma da suka gabata, da ɗan ƙungiyar asiri. Mutanen Kano ba su manta da Salisu Buhari ba, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a watan Yunin 1999 ya kuma sauka kafin ya cika wata biyu, saboda ƙarin shekaru da takardar jami'ar Toronto da bai mallaka ba. Ko bambancin suna ma ya isa ya rushe komai. A watan Fabrairun 2020, ana jajibirin rantsarwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a matsayin gwamnan Bayelsa saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. A wajenmu, inda mutum ɗaya yake Muhammadu a takardar firamare, Mamman a katin zaɓe, Muhammad Sani a banki, kuma ranar haihuwarsa ƙiyasi ce, wannan tarko ne a buɗe. Ka jera dukkan takardunka a kan tabarma, ka duba suna da shekarar haihuwa ɗaya bayan ɗaya, ka bar lauya ya daidaita su ta hanyar da doka ta tanada tun kafin ka cike fom ɗin bayanan ɗan takara da ake rantsuwa a kansa, domin hukumar zaɓe za ta manna shi a mazaɓarka kowa ya karanta.

Jam'iyya da fid da gwani

Babu ɗan takara mai zaman kansa a tsarinmu, don haka hanyar Abuja ta ofishin jam'iyya na mazaɓarka ta ƙauye take farawa. Ka yanki kati a can, ka tabbatar da idonka cewa sunanka ya shiga rajistar da za a miƙa wa hukumar zaɓe, ka riƙa halartar taro kana biyan kuɗin ƙa'ida kana karɓar rasit. Shugaban jam'iyya na mazaɓa, wanda wataƙila a wurinka yake karɓar taki bashi, a wannan fage shi ne gaba da kai, kuma idan ka aika yaro ya kira shi maimakon ka taka zuwa gidansa, zai riƙe abin a ransa har ranar da za ka buƙace shi.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ba jam'iyyu hanyoyi uku na fitar da ɗan takara: 'yar tinƙe inda kowane ɗan jam'iyya mai rajista yake zaɓe, zaɓen daliget, da maslaha, wadda ba ta inganta sai dukkan masu neman kujerar da aka tantance sun amince a rubuce. Majalisa tana yawan taɓa wannan doka a tsakanin zaɓe da zaɓe, saboda haka ka nemi wadda ke aiki a lokacinka tare da jadawalin hukumar zaɓe, ka sa a karanta maka su a fassara. Abin da ba ya canzawa shi ne 'yar tinƙe ta fi dacewa da mai jama'a a ƙasa irinka, zaɓen daliget kuwa kasuwa ce ta mutane ƙalilan inda mai uban gida a gidan gwamnati yakan taya abin da ba za ka iya ba. Kuɗin fom kaɗai a 2022 ya kai Naira miliyan 10 na Majalisar Wakilai da miliyan 20 na Dattawa a APC, a PDP kuwa miliyan 2.5 da miliyan 3.5, kuma fom shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake kashewa.

Za a zo maka da tayin ɗaukar nauyi. Wani babba zai ce zai saya maka fom ya kuma riƙe daliget, kai dai ka fito. Kafin ka karɓa ka tambaye shi a fili abin da yake so, gaban shaidar da ku biyu kuke jin kunya, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan yana iya zama ayyukan mazaɓarka na shekara huɗu. Gudummawar abokan kasuwa, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a rubuta sunansa, ta fi lafiya nesa ba kusa ba, ko da ta fi jinkirin taruwa.

Ka kuma sa ido a kan ingancin zaɓen fid da gwanin kansa, ko da kai ne ka ci. Dole uwar jam'iyya ta ƙasa ce ta shirya shi, a cikin wa'adi, jami'an hukumar zaɓe suna kallo. Zamfara ta ishe mu darasi: a watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani a jihar ba, ta mayar da ƙuri'unta duka asara, jam'iyyar ta rasa kujerar gwamna da ta sanatoci uku da ta wakilai bakwai bayan an riga an yi murnar nasara. Idan kai aka zalunta, kwana 14 kacal tsarin mulki ya ba ka ka shigar da ƙara daga ranar da abin ya faru. Masu zuwa ba ka haƙuri suna cewa a bari dattawa su sasanta, wasunsu da zuciya ɗaya suke, wasu kuwa kwanakin suke ƙirgawa.

Yaƙin neman zaɓe da ranar ƙuri'a

Ba zan daɗe a kan gangami ba, domin ka fi ni sanin mutanenka. Abu biyu kawai zan ce. Na farko, ka yi yaƙinka a inda aka san ka: ranar kasuwa, wurin sussuka, majalisar dillalai, zauren sarkin noma, da gidajen da mata ke surfe da tatsar mai, waɗanda ayarin motoci ba ya tsayawa a ƙofarsu alhali su ne suka fi jure layi ranar zaɓe. Na biyu, kada ka yi alkawarin abin da ba aikin ɗan majalisa ba ne. Ba ka da ikon raba filaye, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin gonakin karkara. Ba ka ba da kwangila, ba ka ɗaukar ma'aikata. Mutumin da aka sani da cika mudu bai kamata a fara kama shi da tauye magana ba.

Dokar 2022 ta ƙayyade kashe kuɗin kamfe a kan Naira miliyan 70 ga mai neman Majalisar Wakilai da miliyan 100 ga mai neman Dattawa, ta hana kamfe a masallaci da coci da ofisoshin gwamnati, ta kuma sa tara ko ɗauri a kan sayen ƙuri'a. Game da 'yan jagaliya, ka tuna cewa 'ya'yan maƙwabtanka ne, kuma duk wanda ka saya wa ƙwaya ka ba shi gora a bana, a garin zai zauna tare da iyalinka lokacin da kake Abuja.

Inda ya kamata kuɗinka da hankalinka su tafi shi ne wakilan akwati. Akwai rumfunan zaɓe 176,846 a ƙasar nan, mazaɓarka tana da ɗaruruwa daga ciki, kuma a kowace rumfa kana buƙatar mutum ɗan unguwar, mai iya karatu da lissafi, wanda ba zai tafi cin abinci lokacin ƙidaya ba. Ka tara su tun da wuri a koya musu aikin: su ga na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS tana kan sifili kafin a fara, su rubuta adadin waɗanda ta tantance, su tsaya a ƙirga a gabansu, su duba cewa abin da aka rubuta a takardar sakamakon rumfar shi ne abin da aka ƙirga kafin su sa hannu, su karɓi kwafinsu su kuma ɗauki hotonsa. Idan ƙuri'un da aka kaɗa suka zarce adadin waɗanda aka tantance, soke rumfar ake yi, don haka mai son ka da ya yi maka aringizo a ƙauyenku ya cuce ka. A wannan kujera babu sharaɗin samun kaso a wurare daban-daban, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci. Ka ajiye kwafin nan kamar yadda kake ajiye takardar gona, domin idan aka je kotun sauraron ƙararrakin zaɓe su ne shaidarka. Kwana 21 ake da su a shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, kotun tana da kwana 180, kuma shari'ar kujerar majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Kuɗin lauyan wannan mataki ma daga kashi na uku za su fito, saboda haka ka ware su tun farko.

Idan Allah ya ba ka

Kafin ka zauna a kujerarka, sashe na 52 ya wajabta maka bayyana kadarorinka da basukanka, sannan ka yi rantsuwa. Fom ɗin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata an tsara shi ne da tunanin mai albashi da gida a birni, amma dukiyarka a warwatse take kuma yawancinta babu takarda. Ka zauna da wanda ya san dukiyar gidanku ku lissafa komai: gonar gado da rabonka a cikinta, wadda ka saya da shaidar dagaci, wadda ke hannunka jingina, shanun da ke wurin makiyayi, buhunan da ke sito da kimarsu, bashin da kake bi da wanda ake bin ka, har da abin da ke sunan 'ya'yanka marasa aure da ba su kai shekara 18 ba. Ƙa'idar ita ce duk kadarar da ta bayyana daga baya wadda halattaccen samunka bai iya bayyana ta ba, ana ɗaukar ta haramtacciya har sai ka kawo hujja. Garken da ka manta ka rubuta yau, gobe za a iya cewa da kuɗin majalisa ka saye shi, kuma hukuncin kotun ɗa'ar ma'aikata ya haɗa da rasa kujera da hana riƙe muƙami har shekara goma da ƙwace kadarar.

A cikin wannan ƙa'idar ɗa'a, wadda ke Jadawali na Biyar na tsarin mulki, akwai sakin layin da kamar domin kai aka rubuta shi. Ya hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, amma ya keɓe noma a fili ya ce babu abin da zai hana shi yin sa. Wato sito da shago da motocin haya za ka miƙa gudanarwarsu ga ɗa ko ƙane ko amintaccen yaro, da yarjejeniya a rubuce da lissafin da za a riƙa yi duk wata, gona kuwa taka ce ka ci gaba da nomawa. Haka kuma an hana ɗan majalisa riƙe asusun banki a ƙasar waje, don haka idan fataucinka ya sa ka buɗe asusu a Maraɗi ko Kwatano ko Dubai, ka rufe shi kafin rantsuwa. Kada kuma ka bari kamfanin da ke da sunanka ya nemi kwangilar kai taki ko hatsi a ma'aikatar da kwamitinka ke sa wa ido, ko da an ce maka kowa haka yake yi.

Majalisa takan zauna Talata da Laraba da Alhamis, tsarin mulki ya ce ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na zaman shekara ba tare da uzuri ba yana iya rasa kujerarsa. Sashe na 55 ya yarda a gudanar da aiki da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin hakan, amma a aikace da Turanci ake yi, kuma wannan ne ke sa mutane irinka su yi shekara huɗu ba a ji muryarsu ba. Maganinsa yana wurin zaɓen hadimai. 'Yan uwa za su zo neman waɗannan gurabe, amma aƙalla babban hadiminka ya zama wanda ya iya karanta ƙudurin doka da kasafin kuɗi ya warware maka su da Hausa a daren da ya gabaci zama, ya kuma rubuta maka abin da kake son faɗa cikin jimloli gajeru da za ka iya riƙewa. Ba kasafai ake faɗuwa zaɓe saboda karyayyen Turanci ba, amma da yawa sun faɗi saboda mutanensu ba su taɓa jin sun tashi ba.

Ka nemi shiga kwamitocin da iliminka yake da amfani a cikinsu, irin na noma, da albarkatun ruwa, da kwastan, da kasuwanci, domin a kwamiti ake tankaɗe ƙuduri bayan karatu na biyu, a nan ake kiran ministoci su kare kasafinsu, a nan kuma ake jin ra'ayin jama'a. Kana da abin da yawancin abokan zamanka ba su da shi. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum, kai ka san abin da ya faru da farashin shinkafa da na dabbobi mako bayan mako. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, ka ga manomi yana karyar da buhu saboda mai tsabar kuɗi ne kaɗai ke saye. Shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, kai ka san yadda ake gane manomin gaske da mai gonar takarda. Harajin kwastan da cinikin ƙetare da ma'auni da sikeli duk suna cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma wanda ya yi shekara talatin yana ganin yadda tiya take bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa yana da abin faɗa a kansu. Ka zo da adadi daga littafinka, farashin buhun taki a wata kaza da wata kaza, kuɗin mota daga garinku zuwa Kano da yawan shingayen da ke hanya. Jami'in da ya saba amsa tambayoyin gama-gari yakan daburce idan aka tambaye shi da lissafi.

Ayyukan mazaɓu su ne abin da mutanenka za su fi auna ka da shi. Kai kake ba da shawarar aikin, a sa shi a kasafin wata ma'aikata ko hukuma, ita ce ke ba da kwangila, kuma tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC take bin sawun irin waɗannan ayyuka har ƙauyuka. Ka zaɓi abin da zai rayu bayanka, kamar hanyar da ke fitar da amfanin gona, ko gyaran madatsar ruwa da magudanan noman rani, ko rumbun ajiya a kasuwa, ka fifita su a kan rabon babura da kekunan ɗinki da ake sayarwa a mako guda. Ka je da kanka ka ga aikin, ka tsoma sanda a rijiyar burtsatsen kamar yadda kake soka buhu ka ga abin da ke ƙasa.

Ƙofar gidanka za ta cika fiye da da, da masu takardar asibiti da kuɗin makaranta da gayyatar suna, kuma albashi da alawus ba za su ishe su ba ko da ka raba duka. Ka buɗe ofishin mazaɓa na gaske mai ma'aikaci da rajista, ka ƙayyade abin da za ka iya bayarwa a wata, ka fito ka gaya wa mutane gaskiya idan ya ƙare. Amfanin gonarka shi ne zai riƙe wannan ɗawainiya ba tare da ka miƙa hannu inda bai kamata ba, shi ya sa hutun majalisa na tsakiyar damina ya kamata ya same ka a bakin kunya kana duba yabanya, inda duk mai son ganinka zai same ka ba tare da ya bi ta hannun ɗan sanda ba. Doka ta ba mutanenka damar neman a yi maka kiranye idan fiye da rabin masu rajista suka sa hannu, kuma sauya sheƙa ba tare da jam'iyyarka ta rabu ba yana iya cin kujerarka, amma abin da ya fi faruwa shi ne a bar ka ka gama a ƙi mayar da kai. Mafi yawan waɗanda aka rantsar a Majalisar Wakilai ranar 13 ga Yunin 2023 sababbin shiga ne.

Saboda haka tun a shekara ta uku ka fara shirin dawowa, ko da kana da niyyar sake nema. Ka karɓi lissafin sito daga wanda ka ba riƙo ku daidaita, ka sake raba dukiyarka gida uku kamar yadda ka yi da farko kafin ka yanke shawarar sake sayen fom, kuma ka tanadi takardun sayar da amfanin gona na kowace kaka, domin a ƙarshen wa'adi za ka sake cike fom ɗin bayyana kadarori, a ɗora shi kusa da na farko a gwada. Gidan Abuja ka bar shi na haya, kada ka sayar da gona ka saye shi, kuma iri na shuka mai zuwa ka sa a ware shi a rumbu tun kafin a fara zancen fid da gwani.